In rayuwa ta juya maka: yadda zaka sake kafa wa yininka turke

Kusan shekara guda nayi zaune a gida bayan an rufe boda a watan Agustan 2019. Kafin nan shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar Maraɗi daga Katsina, in fita ta Ƙofar Guga, Jibiya, Magama, Ɗan Issa, in kai robobi da kayan kicin in dawo da aya da dabino, sau biyu a sati. Ranar tafiya ba mai tashina, ƙarfe huɗu na riga nayi wanka don na san direba ba zai jira ni ba. Da hanya ta rufe kaya suka kwanta, bashin da nake bi can ya maƙale, masu bina nan gida kuma suna ta aike, jari ya narke a cefane kaɗan kaɗan, ana cikin haka korona tazo ta ɗora a 2020.

Asarar kuɗin da ciwo, amma wallahi abin da ya fi tada man hankali shi ne yadda na koma. Ni da nake tashi ƙarfe huɗu sai gani ina kai sha ɗaya na safe a kwance, sallar asuba sai rana ta fito, in yi kwana uku da riga ɗaya, yara su shigo gaisuwa in amsa ina kallon bango. Nayi ta zagin kaina a zuci cewa na zama rago. Kawuna ne, tsohon ma'aikaci da ya ci shekara 35 yana aikin gwamnati ya yi ritaya, ya iske ni da hantsi a zaure ina kwance bisa tabarma, ya zauna ya daɗe bai ce komi ba, sannan yace "ɗana, tunkiyar da aka tumɓuke wa turke ai ba lalacewa tayi ba, wurin tsayawa ta rasa. Ni ma haka nayi shekarar da na bar ofis. Tashi mu kafa wani."

Maganar nan ita ce gindin duk abin da zan rubuta. Tashin wurin da nake yi, mota ce ke tada ni. Wankan safe, mutanen da zan haɗu dasu ne ke sa ni. Halayenmu na kullum a jikin wuri da lokaci da mutane suke ɗaure, in mutuwa ko saki ko ritaya ko karayar arziki ko gudun hijira ta ɗauke waɗannan, halayen sai su zube tare dasu. Mutanenmu da suka baro ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya saboda 'yan bindiga sun san wannan sarai, manomin da gona ke tada shi tun duku-duku yau yana ɗakin haya cikin birni ba inda za shi. Don haka kada ka zauna jiran ranar da zuciya zata ce maka tashi. Ni na jira, bata zo ba. Ƙarfin gwiwa daga baya yake biyo motsi.

Abu na farko, ka amince abin ya faru, kuma ka ƙirga abin da ya rage. Na ɓata watanni ina kwana da rediyo ina jiran labarin an buɗe boda gobe, kuma ta Jibiya ba'a buɗe ba sai Afrilun 2022. Da na ci gaba da jira kaga shekara nawa kenan. Ka samu littafi ɗan sittin da biro, shafi ɗaya ka rubuta abin da ya tafi, ɗaya shafin abin da ke hannu: lafiyarka, ɗakin kwana, babur in akwai, sana'ar da hannunka ya iya, mutum nawa ne zasu amsa wayarka. Rubutun zai yi maka zafi, ni sai da na aje biron sau biyu. Kuma kada wani ya hana ka baƙin ciki, Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib a shekara ɗaya har ake ce mata shekarar baƙin ciki. Ka riƙe addu'ar da Ummu Salama tayi da mijinta ya rasu, wadda Muslim ya ruwaito: Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato Ya Allah ka bani lada a kan musibata, ka musanya man da abin da ya fi ta alheri. Ita ke tuna maka cewa akwai abin da ke gaba.

Na biyu barci, kuma nan zan daɗe don in bai gyaru ba sauran duk aikin banza ne. Mutumin da abu ya sama dare ne abokin gabarsa, gida yayi tsit, tunani ya taso, sai ka jawo waya kana ta dannawa har biyu har uku, Facebook, TikTok, labarin wanda aka sace da wanda ya saya sabuwar mota, duk ba mai sanyaya maka rai. Asuba tayi jiki ya mutu. Ka tashi sha ɗaya da jin haushin kanka, daren ya sake zagayowa ba barci a ido. Kada ka fara da cewa zan kwanta da wuri, barci ba'a yi masa dole. Ka fara da lokacin tashi, shi ke hannunka. Ka tsaida shi a kiran sallar asuba, ko awa uku kayi barci ka tashi, kwana huɗu biyar na farko zaka sha wuya, kai na sarawa, amma daga nan jiki da kansa zai fara neman katifa da an ida isha'i.

Dabarar waya ga yadda nayi. Unguwarmu dama wuta sai a hankali, to sai na maida rashin wutar amfani, da an sallame isha'i in miƙa wa mai caji wayata in ce sai da safe, in bar ƙaramar mai tocila a gida saboda larura. Satin farko hannuna yayi ta laluben gefen filo. In kana da wuta a gida, ka bar wayar a falo ko ka ba maiɗakinka ta aje. Shayi mai kauri da goro da Nescafe ka tsaida su daga la'asar, abin da ke cikinsu mai hana barci yana awanni a jiki, bayan kamar awa biyar ma rabinsa na nan. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko sama da haka a dare. Ƙailula tsakanin azahar da la'asar ba laifi, musamman cikin zafin Afrilu da Mayu da Katsina ke zama kamar tanda, amma rabin awa ta isa, in ka zarce ka ci na daren.

Sai babban sirrin, kada ka koma shimfiɗa bayan asuba. Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa, ka dawo masallaci kace bari in ɗan miƙe, shikenan sai hantsi. Tun kafin ka fita ka naɗe tabarma ko ka jingine katifar da bango, ka fita da takalmin da zaka iya tafiya da shi. Hasken safiya in ya shiga ido shi ke saita agogon jiki ya san gari ya waye, shi yasa zaman waje da sassafe ke gyara barcin dare.

Na uku, ka ɗaura sabon hali a jikin salla. Mu Allah ya hutar damu neman turke daga nesa, muna da guda biyar da ba boda ba ritaya ba saki da ke tumɓuke su, ladan zai kira ko kana da jari ko baka da shi. Sai ka ɗauki abu ɗaya tal, ƙarami, ka ce bayan salla kaza zan yi kaza a wuri kaza. Ka faɗi lokacin da wurin, "zan riƙa motsa jiki" magana ce kawai, "in an sallame asuba zan taka zuwa bakin titi in dawo" shi ne aiki. Ni da tafiyar minti goma na fara, Kawu na gaba da carbinsa ina biye. Bayan sati biyu muka riƙa kaiwa gindin hasumiyar Gobarau mu juyo, mu wuce masu ƙosai suna hura wuta, almajirai na karatu, masu kai yara makaranta a Keke Napep, kaga gari na motsi kuma kana cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, wato rabin awa sau biyar, amma kada ka fara daga nan, can zaka je.

Dan Allah kada ka ɗebo da zafi. Na san yadda abin yake, rana ɗaya zuciya ta motsa ka rubuta zan yi izu biyu kullum, in yi gudu a filin Polo, in koyi ɗinki, in daina sukari, kwana uku ka watsar duka ka ƙara jin kai ba komi bane. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya yanke magana, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan magariba. Wanka da canza riga kafin ƙarfe takwas ko ba inda zaka. Abin ya zama ƙarami har ka ji kunyar cewa ka kasa. In ɗaya ya zauna, kamar sati biyu ko uku, sannan ka ƙara na biyu a jikin wata sallar. Ni nawa a ƙarshe haka suka jeru: asuba tafiya, azahar in ci abinci tare da yara a kwano ɗaya, la'asar in zagaya wurin Inna in gaishe ta, magariba karatu, isha'i miƙa waya. Wata huɗu na ɗauka kafin su cika biyar.

Na huɗu, ka samu mai jiranka. Alƙawarin da kayi wa kanka da sauƙin karyawa, amma tsoho mai shekara saba'in tsaye ƙofar gidanka cikin sanyin hunturu yana sallama, ba yadda zaka yi. Ka zaɓi mutum ɗaya ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki, ba sai duniya ta sani ba. Majalisa kuma a duba, akwai wadda zaka zauna ka tashi da nauyin zuciya, daga tsadar masara sai wane ya samu wane ya rasa, akwai kuma wadda ake labarin inda ake neman ma'aikaci da inda kaya suka sauka. Zauren malam tsakanin magariba da isha'i ya taimake ni ƙwarai, ana karanta Ahalari da Ishmawi, littattafan da na bari tun ina yaro, kuma in baka zo ba washegari sai an tambaya ko lafiya.

Bari in tsaya kan mata, don nasu da bambanci. Yayata da ke aure a Daura mijinta ya rasu, ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Kwanakin farko gida cike da 'yan gaisuwa, bayan sadakar arba'in kowa ya watse, sai ita da ɗaki. Tace man "ƙanena, da girkinsa nake sanin ƙarfe nawa, yanzu ban san rana ta faɗi ba sai naji ladan." Tata tafiyar a tsakar gida take yinta, zagaye ashirin bayan asuba kafin yara su tashi, sannan ta ɗora koko. Wata maƙwabciyarta ke shigowa da hantsi su yi tilawa, bayan la'asar ta ƙulla aya da gujiya yaro ya kai bakin makaranta. Da ta fita takaba ta koma Islamiyyar matan aure, yanzu ranar Lahadi ake sawo mata kaya daga kasuwar Mai'aduwa tana saidawa cikin gida. Wadda aka saka ta koma gidan iyaye ita ma haka, ki nemi aiki ɗaya a gidan da zai zama naki ke kaɗai, ko abincin dare ne ko kula da awaki, kada ki zama baƙuwa a ɗakin da kika girma. Abin da ya shafi fita cikin idda ko takaba saboda larura kamar asibiti, a tambayi malami a ji hukuncin dalla-dalla, kada a tsaya kan abin da aka ji a bakin mutane.

Na biyar, wurin zuwa da safe, da maganar kuɗi. Nan girman kai ke kashe mutane. Ni da nake cika mota da kaya, ya zan zauna shagon wani ina miƙo roba? Wata biyu ina juya abin, maiɗakina ce tace "Malam, yaran nan gara su ga ka fita ka dawo da ƙura a ƙafa." Na je babbar kasuwa wurin wani abokina da muka taso tare nace ya bani benci, in tsare masa shago in ya tafi Kano sari, abin da ya sawwaƙa ya bani. Ranar farko duk wanda ya wuce sai in ga kamar ni yake kallo, ashe kowa ta kansa yake. Zomo baya kamuwa daga kwance, kuma a bakin shagon nan ne tsofaffin kwastomomina suka sake ganina. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka fara wannan lissafin tun kafin shekara 60 ko 35 ɗin aiki su cika, kiwo ne, gona ce, koyarwa a makarantar unguwa ce, ko kwamitin masallaci, a dai samu inda in baka je ba za'a ga giɓi.

Bashi kuma kaje wurin masu shi kafin su zo wurinka. Ɓuya ke ƙara masa nauyi, ka ji sallama gabanka ya faɗi. Na ɗauki littafina na bi su ɗaya bayan ɗaya, nace ga abin da ya faru, ga abin da zan iya kawowa duk Juma'a. Alƙur'ani a Baƙara aya ta 280 yace a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma tace a rubuta bashi, to ku rubuta da shaidu. Cikin mutum biyar huɗu sun amince, ɗaya yayi faɗa, shi na fara biya. Duk abin da ya shigo da wanda ya fita ka rubuta da dare, ko na ƙosai ne. In ka fara samun ɗan abin da ya ragu ka shiga adashi ƙarami, wanda zubinsa ba zai hana ka barci ba.

Na shida, ka riƙa sa alama, kuma ka shirya wa faɗuwa. Kalandar bango ta isa, duk ranar da kayi abin ka ja layi. Zaka ji ana cewa kwana 21 ke zaunar da hali, kada ka dogara da wannan. Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 yaga a tsaka-tsaki kwana 66 ake ɗauka kafin sabon hali ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. To in ka makara yau, kada kace shikenan na ɓata, ka dai hana ta zama kwana biyu a jere. Ranar da jiki ya ƙi sam, kayi guntun abin, taka zuwa bakin lungu ka dawo, karanta aya uku, ka ja layinka. Akwai lokutan da na san suna kada mutum: sanyin Disamba da Janairu, ranar da aka kwana ana ruwa a Agusta, hidimar biki, da bayan sallah ƙarama lokacin da azumi ya juya barci. Cikin azumi ni maida tafiyata nake bayan tarawihi, kwana biyu da sallah in dawo da ita asuba.

Akwai kuma inda wannan duk bai isa ba, kuma ina roƙonka ka karanta nan da kyau. In ka kai sati biyu ko fiye kusan kullum rai a ɓace, abin da kake so da duk ya fita ranka, abinci ya ƙi ciwuwa ko barci ya ƙi zuwa, kana rama, kana jin kai nauyi ne ga iyalinka, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa kamar yadda ake maganin hawan jini. Ba raunin imani bane, Annabi (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala. Kayi addu'arka kuma kaje asibiti, babban asibitin garinku ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ka faɗa wa likita komi yadda yake, ya auna jininka da sukari, in da buƙata ya tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. In har tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, yau ɗin nan ka faɗa wa wani naka ya raka ka. Kuma ka nisanci kemis ɗin da zai baka ƙwayar barci ko tramol ba takardar likita. Maganin tari mai kodin sai da gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a 2018 saboda yadda ya cinye matasa da matan aure.

Da aka buɗe Jibiya na koma hanya da ɗan abin da na tara a shagon abokina, rabin kayan da nake ɗauka da. Sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufe boda, ba'a buɗe ba sai Maris 2024. Daren da naji labarin rufewar ina da buhu shida na robobi a zaure da na riga na biya kuɗinsu, ƙirjina yayi nauyi irin na wancan karon, na kasa cin tuwo. Da aka sallame isha'i na miƙa wa mai caji wayata. Kawu lokacin ƙafa ta hana shi fita, da asuba ni na tsaya ƙofar gidansa nayi sallama, na gaishe shi ta taga, na taka zuwa Gobarau na dawo, nayi wanka, ƙarfe takwas na ɗaura buhu biyu bisa babur na nufi babbar kasuwa.